Mai Tawada ko Leza? Tambayoyin da Masu Sayen Firinta Ke Yawan Yi Mini a Jos

Na daɗe ina gyaran firinta a wani ɗan shago da ke bayan titin Ahmadu Bello, kuma kusan kullum sai wani ya leƙo, ba don gyara ba, sai don neman shawara kafin ya shiga kasuwa. Ɗalibai daga Naraguta da titin Bauchi, malaman Islamiyya daga Anguwan Rogo, masu ofis, da iyaye mata da yara suka dama da aikin gida. Tambayoyin ba su cika sauyawa ba, shi ya sa na tattara su a nan tare da amsoshin da na saba bayarwa.

Malam, wai mene ne bambancinsu? Ba duk takarda suke bugawa ba?

Duk takarda suke bugawa, amma ɗaya da ruwa take aiki, ɗaya da gari da zafi.

Mai tawada, wadda 'yan kasuwa ke kira inkijet, tana da wani ɗan kai da muke ce wa hed. Shi ne yake zirga-zirga dama da hagu a kan takarda, yana fesa tawada ta wasu ƙofofi da suka fi silin gashi siranta. A firintocin HP da Canon zafi ne ke tunkuɗo ɗigon tawadar, a na Epson da Brother kuma wani ɗan ƙanƙanin abu ne yake motsawa idan lantarki ya taɓa shi, sai ya matso ta waje.

Leza ba ruwanta da ruwa. Abincinta tona, wata hoda mai laushi wadda galibinta roba ce da aka haɗa da launi. Hasken leza yana zana rubutun a jikin wani gungume da ake kira diram, hodar ta manne a inda aka zana, daga nan ta koma jikin takarda. Sai takardar ta bi ta cikin fiyuza, wanda zafinsa kan kai kusan digiri 200, ya narkar da hodar ta kama takardar gam. Shi ya sa takardar leza take fitowa da ɗumi kamar an sauke ta daga ƙarƙashin dutsen guga. Wani injiniyan kamfanin Xerox a Amurka, Gary Starkweather, shi ya ƙirƙiro wannan dabara, kuma a 1984 HP ta fitar da LaserJet ta farko, wadda jikokinta ne suka cika ofisoshinmu yau.

Ka riƙe abu biyu daga nan: ruwa yana bushewa, zafi kuma yana shan wuta. Kusan duk sauran amsoshin daga nan suka samo tushe.

To wacce ta fi araha?

A ranar saye, ƙaramar mai tawada mai amfani da katirij (ɗan akwatin tawada da ake sauyawa idan ya ƙare) ce. Sai dai an sayar maka da doki ne a kuɗin akuya, ana jiran ka a wurin harawa.

Mu auna da rim, tunda shi kowa ya sani. Rim ɗin takardar A4 falle 500 ne. Katirij ɗin baƙar tawada na ƙananan DeskJet, irin HP 123 ko 305, kamfanin da kansa ya ce shafi kusan 120 yake bugawa. Ko rubu'in rim bai cika ba ke nan. Na kala kuma wajen shafi 100. Tona mai lamba 85A, wanda LaserJet P1102 ke sha, shafi 1,600 ne, wato rim uku da ɗoriya. Tsohon 12A na LaserJet 1020 yana kai 2,000. Kafin mai leza ya sayi tona sau ɗaya, mai katirij ya je kasuwa sau goma sha uku.

Lissafin ba shi da wuya. Ka tambayi kuɗin katirij ko tona a ranar, ka raba shi da yawan shafin da aka rubuta a kwalinsa, abin da ya fito shi ne kuɗin shafi ɗaya. Ka yi wa kowace firinta da kake tunanin saye haka tun kana tsaye a shagon, kafin hannunka ya shiga aljihu. Ban rubuta farashi a nan ba da gangan, don abin da aka faɗa maka yau da wuya ka same shi haka bayan wata biyu.

Amma akwai wani abu game da wannan adadi na kwali. Ana auna shi ne da shafi mai ɗan rubutu, wanda tawada ta rufe kusan kashi 5 cikin 100 na farin takardar, kamar gajeriyar wasiƙa. Idan kai takardar jarrabawa kake bugawa cike da rubutu har gefe, ko fom mai tambari da baƙaƙen layuka, ba za ka taɓa kai wannan adadin ba. Sannan yawancin sababbin firintoci da katirij na somin-taɓi suke zuwa, ba a cike yake ba. Mutane da yawa sun zo suna rantsuwa cewa mai shago ya zuƙe musu tona kafin ya ba su, alhali haka ta fito daga kamfani.

Na ji ana maganar mai tanki. Ita kuma a wane layi take?

Mai tawada ce, amma an yar da katirij, an sa mata tankuna a jiki, kana ɗura tawada daga kwalba. Epson ce ta fara fitar da irinta a Indonesiya a 2010, yanzu kuma Canon tana da jerin G, HP tana da Smart Tank. Irin su Epson L3250, kwalbar baƙi ɗaya an ƙiyasta mata shafi 4,500, rim tara cif, kwalaben kala uku kuma 7,500.

Wannan ita ta rushe tsohuwar maganar da muke yi cewa leza ce kaɗai mai arahar shafi. A yau, in dai kuɗin shafi ɗaya ake magana, musamman na kala, mai tanki ta sha gaban kowa. Kuɗin sayenta ne ya fi na mai katirij nesa ba kusa ba, kuma halin bushewa na danginta yana nan bai bar ta ba. Tana kuma da wani soso a ciki da ke tsotse tawadar da take zubarwa idan tana wanke hed. Ranar da lissafinta ya nuna mata sosan ya cika, za ta tsaya cak tana ƙyafta fitilu, sai an kawo ta wurin irinmu.

A gida zan ajiye. Sai in yi wata guda ban buga komai ba. Wacce za ka ba ni?

Leza baƙi-da-fari, ba tare da dogon tunani ba, in dai kuna da wutar da za ta ɗauke ta.

Wata Hajiya daga Rikkos ta taɓa kawo mini mai tawada a cikin kwalinta, ledar jikinta ma ba a gama ɓarewa ba. Ta ce, "Malam, don Allah duba mini. Sau uku kacal aka yi amfani da ita, lokacin rajistar JAMB ɗin yarinyata." Na tambaye ta yaushe ke nan. Ta ƙirga da yatsu, wata bakwai, kuma hunturu guda ya ratsa a tsakani. Na sa ta buga shafin gwaji, baƙi bai fito ba ko ɗigo, shuɗi yana fitowa layi-layi kamar zanen tabarma. Na ɗora hed ɗin a kan tsumma mai ɗumi, na sa ta wanke kanta sau biyu, kala ya ɗan dawo, baƙi ya ce bai san zance ba. Da na faɗa mata kuɗin sababbin katirij biyu sai ta yi shiru, can ta ce, "Ai saura kaɗan ya kai kuɗin da na saye ta." Na ce, Hajiya, haka suke.

Tona hoda ce, ba abin da zai bushe a cikinta. Ki rufe leza da ƙyalle ki tafi Umara ki dawo, ki kunna ta bayan wata shida, za ta buga kamar jiya kika bar ta. Idan kuwa lallai sai mai kala kike so saboda aikin makarantar yara, to ki ɗauki mai tanki, ki kuma ɗauki alkawarin buga shafi ɗaya mai duk launuka kowane mako, ko da ba ki da buƙata. Ki ɗora wa yaro ɗaya wannan aikin duk ranar Juma'a. Kuma a riƙa kashe ta da maɓallin jikinta, ba a fizge waya daga bango ba, don a lokacin ne take mayar da hed ɗin mazauninsa ta toshe bakinsa.

Wutarmu ba ta zama. Da ƙaramin janareta da inbata nake aiki. Akwai matsala?

A nan gizo ke saƙar, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba.

Mai tanki irin L3250 wat goma sha biyu ko kusa da haka take ja idan tana aiki, kamar ƙwan fitila ɗaya. Ƙaramar inbata da batir ɗaya za su riƙe ta yini guda. Ƙaramar leza irin P1102 kuwa tana jan sama da wat 300 tana bugawa, kuma lokacin da fiyuza yake ɗaukar zafi takan fizgi fiye da haka a lokaci ɗaya. Manyan na ofis sun ninka wannan. Idan ka jona ta a ɗan ƙaramin janaretan nan mai shan fetur haɗe da baƙin mai, za ka ji muryarsa ta sauya kamar an shaƙe shi, fitila ta dusashe, wani lokaci kwamfuta ta mutu ta tashi. Inbata mai ƙaramin ƙarfi kuma kuka za ta kama ta yanke. Masu ƙera UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, da kansu suna gargaɗin kada a jona leza a ɓangaren batir.

Saboda haka in sola ce madogararka, kuma ba babba ba ce, mai tanki ta fi dacewa da kai ko da rubutu zalla kake bugawa. In kuwa kana da janareta mai ƙarfin da zai ɗauki dutsen guga ba tare da ya yi tari ba, zai ɗauki ƙaramar leza. Kowacce ka saya, ka sa mata abin kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi. Allon cikin firinta idan ya ƙone, sau da yawa gara sayen wata.

Wacce ta fi fitar da aiki mai kyau?

Rubutu, leza. Haruffanta tsaf suke fitowa ko da ƙanana ne, kuma ruwa ba ya wanke su. Wanda ruwan Agusta ya taɓa kamawa a Terminus da takardar neman aiki a hannu ya san darajar wannan. Yawancin tawadar kala ta gida idan ruwa ya taɓa ta sai ta malale, ko da yake akwai wata irin tawada mai ƙwayoyin launi, wadda wasu firintoci ke amfani da ita a baƙi, da ta fi jure ruwa.

Hoto kuwa na mai tawada ne, ba gardama. Tana cakuɗa launi a hankali, fatar mutum ta fito kamar fata. Shi ya sa masu ɗaukar hoton fasfo suka rungumi irin su Epson L805 mai launi shida. Leza mai kala tana yi wa hoto wani ƙyalli kamar an shafa masa man kaɗe.

Gargaɗi ɗaya: kada ka sa takardar hoto ta mai tawada a cikin leza. Abin da aka shafe fuskarta da shi zai narke ya naɗe fiyuza. Na ɓata yini guda ina kankare irin wannan.

Yaya, zan buɗe shagon buga takardu kusa da jami'a. Jarina bai da yawa. Da me zan fara?

Ƙanena, kai biyu za ka saya, ko da ba rana ɗaya ba.

Fara da leza baƙi-da-fari mai ƙarfi. Abincinka firojet ne da handawut da fom, kuma lokacin da 'yan ajin ƙarshe suka taso, mutum ɗaya zai kawo shafi tamanin ya ce kwafi huɗu yake so yanzu-yanzu, malami na jira, ga wasu biyar a bayansa. Ƙaramar leza tana yin shafi 18 zuwa 20 a minti, matsakaita 30 zuwa 40. Mai tanki ta gida irin L3250 wajen goma take yi a baƙi, biyar a kala, sai ka ga layi ya watse an koma shagon maƙwabcinka. Ka nemi wadda tonanta yake ko'ina a kasuwa kuma ana iya ɗura shi. Tsofaffin dawakin aiki irin HP P2055 mai shan tona 05A da Pro 400 mai shan 80A har yanzu suna ciyar da gidaje da yawa saboda wannan dalilin. In ka samu mai buga gaba da baya da kanta, ka ƙara kuɗi ka ɗauka.

Da ciniki ya fara tsayawa sai ka ƙara mai tanki saboda kala: takardar NIN, silif ɗin JAMB, takardar kiran bautar ƙasa, shafukan firojet masu zane. Amfaninta na biyu shi ne ranar da babu wuta kuma fetur ya gagara, ita za ta riƙe maka shago a kan batir.

Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka mayar da ƙaramar firinta mai haɗe da sikana injin fotokwafi. Za ta yi maka shafi biyar ko goma. In fotokwafi ne sana'ar, injinsa daban ne.

Leza mai kala fa?

Tona huɗu take sha: baƙi, shuɗi, ja da rawaya. Ranar da suka ƙare tare za ka san ka yi sayayya. Tana da amfani ga ofis mai fitar da rahoto da takardun kamfani masu tambari da yawa, cikin sauri, kuma yana da wuta tsayayya. Ga gida ko ƙaramin shago ban cika ba da shawararta ba.

Na ga tokumbo da araha. In ɗauka?

Leza tokumbo, e, in ka duba da kyau. Mai tawada tokumbo, a'a, don ba ka san watannin da ta yi a kwantena hed yana bushewa ba.

Abu na farko, juya bayanta ka karanta lambar wuta. Wutarmu 230 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka 110 zuwa 127 suke sha, kuma leza ba kamar cajar laftof ba ce da ke karɓar kowacce. Wani matashi ya taɓa kawo mini wadda yayansa ya aiko masa daga can. Ya ce yana jonawa ya ji "fat", sai hayaƙi da warin ƙonannen roba. Ko shafi ɗaya ba ta buga a Najeriya ba. Akwai waɗanda ake sauya musu kayan wuta a nan, ka tambaya ko an yi, kuma wa ya yi.

Na biyu, ka sa a buga maka shafin bayanin firintar, a nan za ka ga adadin shafukan da ta buga tun da aka ƙera ta, kamar mitar tafiya a mota. Na uku, ka murza rubutun da yatsa. In ya goge, fiyuza ya gaji. In kuma ka ga tabo yana maimaita kansa a tazara ɗaya daga sama zuwa ƙasa, diram ne ko wata rola.

Akwai kuma batun shiyya. Firinta iri ɗaya tana iya shan katirij mai lamba daban dangane da inda aka sayar da ita. Abin da ake kira HP 123 a nan, 63 ne a Amurka, 302 a Turai, kuma na wata shiyya ba ya aiki a ta wata.

Ɗura tona da tawada yana lalata firinta?

Ya danganta da abin da aka ɗura da wanda ya ɗura. Kusan kowa a garin nan ɗuri yake yi, ni ma ina yi wa mutane. Katirij ɗin tona irin 85A da diram ɗinsa a ciki yake, don haka bayan ɗuri biyu ko uku diram ɗin zai gaji, sai a sauya shi ko a sayi wani katirij. A yawancin firintocin Brother diram daban yake, tona daban. Hoda ma ba iri ɗaya ba ce, kowane inji da tasa, in aka zuba wadda ba ta dace ba sai ka ga takarda ta yi toka-toka.

Sababbin firintoci da yawa suna da ɗan guntun cif na lantarki a jikin katirij da firintar ke gane shi da shi, wasu kuma idan suka sabunta manhajarsu ta intanet sai su ƙi karɓar wanda ba na kamfani ba. Ka tambayi wannan kafin saye.

A mai tanki kuwa ina roƙon mutane su tsaya a tawadar asali. Kwalbar da za ta yi maka rim tara ba ita ce wurin tsimi ba, kuma hed ɗin da jabun tawada zai toshe shi ne mafi tsada a jikin injin. In tona ta zuba maka a riga, ka kakkaɓe ka wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi narkar da ita zai yi, ta zauna har abada.

Me ya sa takarda ke yawan maƙalewa da damina?

Takarda tana shan danshi. A Yuli da Agusta, rim ɗin da aka bari a buɗe kwana biyu zai yi laushi, yana shiga zafin fiyuza sai ya lanƙwashe ya maƙale, wani lokaci har ka ga tururi na fita. Ka bar takarda a ledarta, ka ɗaga ta daga siminti, ka ɗebi iya wadda za ka yi aiki da ita. Da hunturu kuma bushewa ce ke sa fallaye su manne da juna injin ya ja biyu ko uku, sai ka riƙa karkaɗa su kafin ka zuba. Ƙura tana sa robar da ke jan takarda ta yi santsi, tsumma mai ɗan danshi ya ishe ta. In takarda ta maƙale, ka ja ta a hankali ta hanyar da take tafiya, kuma don Allah a daina sa wuƙa ko almakashi.

Ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni. Zan iya bugawa?

Za ka iya, in firintar tana da Wi-Fi. Wannan bai shafi tawada ko leza ba, kowane ɓangare akwai mai shi akwai marar shi. Sau da yawa harafin w a ƙarshen lamba shi ne alama, kamar P1102w. A Epson kuma L3250 tana da shi, L3210 ba ta da shi, alhali kamar tagwaye suke a ido. Ba sai kana da data ba, yawancinsu waya tana haɗuwa da su kai tsaye.

Na yanke shawara. Me zan yi a shagon kafin in biya?

Ka ce a buɗe a kunna a gabanka, a buga shafin gwaji. In mai tanki ce sabuwa, ɗurin farko yana ɗaukar mintuna kafin tawada ta cika bututu, ka zauna ka jira, kuma ka tabbata kwalaben da aka ɗura su ne waɗanda suka zo a kwalin da hatiminsu. Ka duba ko akwai wayar USB, don da yawa ba sa zuwa da ita. Ka karɓi rasit mai lambar injin, ka tambayi garanti na wata nawa ne kuma wa zai gyara, a nan Jos ko sai an aika Legas. Sannan ka rubuta lambar tona ko tawadar a wayarka, ka shiga shago biyu ko uku a layin ka tambaya ko suna da ita. In ka ji ana cewa "sai dai a yi maka oda", ka koma ka zaɓi wata.